Tashi da Faɗuwar Darajar Makarantun Boko a Birnin Kabi da Argungu: Waiwaye a Kan Tarihi

Gabatarwa

A shekarar 2013 aka bayyana yawan makin da ake bukata yaro ya samu a jarrabawar shiga kwalejojin haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, kowace jiha da nata. Daga cikin maki 200, an nemi ɗan Jihar Anambara ya kawo 139 kafin a ɗauke shi, shi kuwa ɗan Jihar Kabi maki 9 sun ishe shi in namiji ne, in kuwa mace ce maki 20. Jaridu suka yi ta yayata zancen, waɗansu suka mai da shi abin ba'a, waɗansu kuma suka ɗauke shi rashin adalci ga yaran Kudu. Bayan shekara takwas, wato a 2021, binciken gida-gida da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF ya nuna kimanin kashi 65 cikin ɗari na yaran Kabi da suka isa shiga firamare ba su zuwa makarantar boko, abin da ya sa jihar a sahun gaba cikin wannan matsala a duk Nijeriya.

Duk wanda ya san tarihin ƙasar Gwandu da ta Argungu dole waɗannan alƙaluma su tsaya masa a rai, domin kuwa ƙasa ce da ta yi suna da malamai da marubuta tun kafin Bature ya taka ta, kuma makarantunta na boko sun taɓa yaye mutanen da suka riƙe Jihar Arewa. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun al'amarin daga tushe, a ga irin ma'aunin da aka yi ta auna makarantu da shi zamani bayan zamani, da wurin da darajar ta fara zubewa, da kuma yunƙurin da aka yi na gyara. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, makarantun wannan yanki sun yi kyau a lokacin da abubuwa uku suke tafiya tare, wato horarren malami, da mai zagayawa ya duba aikinsa, da harshen da yaro yake ji. Da waɗannan suka rabu sai darajar ta faɗi, kuma galibin gyare-gyaren da suka biyo baya sun fi mai da hankali ga gini da yawan sunaye a rajista.

Ilmi da Ma'auninsa Kafin Zuwan Turawa

Birnin Kabi da Argungu garuruwa ne biyu da ke bakin fadamar Gulbin Kabi, tsakaninsu kimanin kilomita 50. Birnin Kabi ita ce fadar Kabawa har zuwa 1805, shekarar da rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Zuriyar Kanta suka koma suka kafu a Argungu, suka yi ta fafatawa da Gwandu da Sakkwato kusan duk tsawon ƙarni na 19. Wannan rabuwa ta haifar da masarautu biyu, daga baya kuma En'e biyu, kowace da baitulmalinta, kuma za mu ga yadda hakan ya shafi makarantu.

A ɓangaren Gwandu, ilmi shi ne ginshiƙin sarauta. Malam Abdullahi, wanda ya rasu a 1829, ya bar littattafai masu yawa a fannin tafsiri da fiƙihu da nahawu da sha'anin mulki. Abin da ya fi dacewa da zancenmu shi ne littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya sauke a gaban kowane. Wannan ya nuna mana ma'aunin wancan zamani. Ba a tambayar ɗalibi makin da ya ci, ana tambayarsa a gaban wa ya zauna, wane littafi ya sauke, wa ya ba shi izinin karantarwa. Darajar makaranta tana rataye a wuyan malaminta, in almajiri ya yi kuskure a bainar jama'a sunan malaminsa ne ya ɓaci. An ƙiyasta cewa a farkon mulkin Turawa akwai makarantun allo kimanin 25,000 a Arewa, kuma ƙasar Kabi tana da rabonta a ciki. Saboda haka boko ya tarar da jama'ar da ta riga ta san karatu, ta kuma san yadda ake gane malamin kirki.

Makarantun En'e: Ƙanƙanta da Inganci

Turawan Ingila sun iso Argungu a 1902, suka ci Sakkwato a 1903, sannan a 1906 fadar Sarkin Gwandu ta koma Birnin Kabi. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ita ce ta zama abin koyi ga makarantun larduna. Kwalejin Katsina, wadda aka yi bikin buɗewa a 1922, ta ɗauki nauyin horar da malamai, sannan gyaran da E.R.J. Hussey ya kawo wajen 1930 ya raba karatu zuwa elamantare da midil. A wannan tsari yaron Birnin Kabi ko na Argungu yakan yi elamantare a gida, in ya ci jarrabawa ya tafi Midil ta Sakkwato, in ya yi fice ƙwarai ya wuce Katsina, daga baya Kaduna da Zariya. Cikin shekarun 1930 kuma aka fara azuzuwan 'yan mata a Sakkwato da Birnin Kabi.

Dattawan da suka yi waɗannan makarantu sukan yaba ingancinsu, kuma suna da gaskiya. Yaron da ya gama aji huɗu yakan iya karanta wasiƙa da Hausa, ya rubuta amsa, ya riƙe lissafin haraji ko na jangali. Dalilan wannan inganci a bayyane suke. Na farko, da Hausa ake koyarwa a elamantare, Turanci sai an yi nisa. Na biyu, malaman horarru ne, kuma koyarwa sana'a ce mai martaba wadda 'ya'yan sarauta ba su jin kunyar yi. Alhaji Haruna Rashid, wanda ya yi sarautar Gwandu daga 1954 zuwa 1995, ɗalibin Kwalejin Katsina ne, ya kuma koyar a Midil ta Sakkwato kafin ya shiga aikin En'e. Malam Aminu Kano ya koyar a makarantar horar da malamai ta Maru, a cikin wannan lardi, a ƙarshen shekarun 1940. Alhaji Shehu Shagari ya riƙe shugabancin babbar firamare ta Argungu a farkon shekarun 1950, kuma shi ne ya tsara Waƙar Nijeriya don sauƙaƙa wa ɗalibai sanin ƙasarsu da harshensu. Na uku, akwai dubawa. Shi kansa Shagari daga Argungu ya zama malami mai zagaya makarantun lardi, aikinsa ya shiga aji ya zauna, ya duba littafin shirin darasi na malami, ya tambayi yara, ya rubuta rahoto. Rahoton nan yakan kai ga Bature mai kula da ilmin lardi da majalisar sarki, kuma yana iya jawo wa malami ƙarin girma ko akasin haka.

Sai dai bai kamata son zamanin da ya wuce ya rufe mana ido ba. Makarantun nan kaɗan ne ƙwarai, yaran da ke cikinsu kuma ba su kai cikin cokali ba in aka kwatanta da yawan jama'a. An daɗe ana ɗora laifin wannan ƙaranci a kan sarakuna da iyaye, ana cewa sun ƙi boko. Gaskiya ne iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu in dagaci ya zo ɗaukar yara. Amma masanin tarihi Peter Tibenderana, wanda ya yi nazari mai zurfi a kan Lardin Sakkwato, ya nuna a rubuce-rubucensa na shekarun 1980 cewa babban cikas shi ne manufar Turawan kansu, waɗanda ba su son yaye 'yan boko fiye da guraben aikin En'e, kuma suka bar nauyin makarantu a kan baitulmalin kowace masarauta. En'e mai ƙaramin baitulmali kamar ta Argungu ba ta da halin buɗe makarantu da yawa ko da ta so. Ashe ingancin wancan zamani inganci ne na ƙaramar gona, wadda mai ita yake iya zagayewa kafin rana ta take.

Daga 'Yancin Kai Zuwa Shirin UPE

Tun daga shekarun 1950 shugabannin Arewa suka gane cewa ƙarancin 'yan boko zai cuce su a Nijeriya mai zuwa. Aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don samar da littattafan Hausa, aka yawaita makarantun horar da malamai. Dokar ilmi ta Jihar Arewa ta 1962 ta shimfiɗa tsarin hukumomin ilmi na yanki, waɗanda su ne asalin ofisoshin ilmi na ƙananan hukumomi da muka sani. A 1967 aka kafa Jihar Arewa maso Yamma, kuma a daidai wannan lokaci aka yi asusun raya ilmi na Lardin Sakkwato, wanda Shagari ya yi wa sakatare, jama'a suka ba da gudummawa don gina makarantu. Faɗaɗawar wannan zamani ta tafi a hankali, malamai suna ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar azuzuwa. A wannan yanayi ne sakandare irin su Kwalejin Kanta ta Argungu da manyan makarantun Birnin Kabi suka yi sunan da har yau tsofaffin ɗalibansu suke tinƙaho da shi.

Babban sauyi ya zo ne da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. A Sakkwato Janar Yakubu Gowon ya fara bayyana niyyar shirin a 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya cika baitulmali, sannan Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shi a watan Satumba na 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato. An yi shirin karɓar yara miliyan 2.3 a aji ɗaya a duk ƙasa, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Niyyar shirin kyakkyawa ce, kuma ƙauyuka da yawa a Arewa da Dandi da Augie da Kalgo a lokacin suka fara ganin makaranta. Amma aji ana iya gina shi cikin wata uku, malami kuwa sai ya shekara biyar ana horar da shi. Da aka rasa malamai sai aka ɗebo waɗanda suka gama firamare, da waɗanda suka faɗi jarrabawar malanta, aka yi musu gajeren kwas aka miƙa musu alli. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da aka kafa a Kaduna a 1976 ta yi ƙoƙarin ƙara musu ilmi ta hanyar karatu daga gida, amma ruwan ya fi ƙarfin gari.

Dubawa ita ma ta sami rauni. Mai zagayawa da a da yake da makarantu 'yan kaɗan, ya san kowane malami da sunansa, sai ya wayi gari da makarantu birjik a cikin fadama da tudu, waɗansu ba a isa gare su da damina sai da kwalekwale. Daɗin daɗawa, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da ikon gudanarwa, hakimi da dagaci da suke tsare da zuwan yara makaranta suka koma 'yan kallo. A nan ne igiyar nan mai harɗe uku ta fara warwarewa. Yaran da marasa horo suka koyar a ƙarshen shekarun 1970 su ne suka shiga makarantun horar da malamai a shekarun 1980, su ne kuma suka koyar da malaman yau. Rauni irin wannan gadonsa ake yi, kowane zubi yana miƙa wa na bayansa.

Shekarun Tsuke Bakin Aljihu da Kafuwar Jihar Kabi

Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga ɗaukar nauyin firamare, ta bar wa jihohi da ƙananan hukumomi. Albashin malamai ya riƙa makara wata da watanni, sannan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, abin da malami yake ɗauka ya daina isarsa cefane. An kafa hukumar kula da ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake kafa ta a 1993, kuma kowane juyi yana barin malamai ba su san wanda zai biya su ba. Masu ƙwazo daga cikinsu suka tsere zuwa aikin ofis da banki da siyasa, waɗanda suka rage suka raba hankalinsu tsakanin aji da gona ko kasuwa. Iyaye a karkara kuwa suka yi nasu lissafi. Mutum ya ba da ɗansa shekara shida, ya dawo bai iya karanta wasiƙa ba, bai iya noma ba, bai kuma sauke Alƙur'ani ba. Wanda ya ga haka ya hana ƙanen yaron zuwa, ba za a ce masa jahili ba.

A cikin wannan hali aka kafa Jihar Kabi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kabi ta zama babban birni. Sabuwar jiha ta gaji babbar makarantar koyon sana'a ta Birnin Kabi, wadda daga baya ta koma hannun Tarayya take kuma ɗauke da sunan Waziri Umaru, shahararren marubucin waƙoƙi na Gwandu. Aka kafa Kwalejin Ilmi a Argungu a 1993, wadda aka sa wa sunan Adamu Augie, aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, sannan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi a 2013. Duk waɗannan ci gaba ne na haƙiƙa. Amma an yi ta ɗora bene a kan ginin da tushensa yake zaizayewa, domin manyan makarantu ba su da abin ɗauka sai abin da firamare da sakandare suka miƙo musu.

Wani sauyi da ya kamata a lura da shi shi ne rufe makarantun horar da malamai masu ba da takardar daraja ta biyu, aka mai da takardar NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A takarda wannan ɗaga matsayi ne. Amma tsohon tsarin yana horar da mutum ya koyar da dukan darussan firamare, da yadda ake fara koya wa ƙaramin yaro baƙaƙe da wasula, shi kuwa mai NCE galibi darussa biyu ya karanta, irin waɗanda suka fi dacewa da ƙaramar sakandare. Ta haka sana'ar koyar da karatun farko ta rasa masu ita.

Ma'aunin Zamani da Yunƙurin Gyara

Ma'aunin da ake auna jihohi da shi a yau shi ne yawan ɗaliban da suka ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako, har da Turanci da lissafi, a jarrabawar WAEC ko ta NECO. A jerin da aka riƙa bugawa a tsakiyar shekarun 2010, Kabi takan faɗo cikin rukunin ƙasa tare da maƙwabtanta na Arewa maso Yamma da jihohin Arewa maso Gabas. Wannan ma'auni yana da amfani, amma yana da makanta iri biyu. Na ɗaya, yana auna waɗanda suka kai ƙarshen sakandare ne kawai, alhali mafi yawan yaran karkara ba su kai can ba. Na biyu, ana iya ɗaga shi ba tare da karatu ya gyaru ba, ta hanyar tace waɗanda za a biya wa kuɗin jarrabawa ko ta hanyar satar amsa. Shi ma ƙidayar yaran da ba su zuwa makaranta yana da tasa makanta, tun da yakan lissafa ɗan makarantar allo cikin marasa karatu. Wannan ƙorafi ne da ake yawan ji, kuma yana da tushe. Duk da haka bai kawar da gaskiyar cewa yaron da bai iya boko da lissafi ba an rufe masa ƙofofi da yawa na rayuwar yau.

Yunƙurin gyara bai yanke ba. A Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, dokar 2004 kuma ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don tallafa wa jihohi, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin abin da za a ba ta. Rabin wannan tallafi, wanda shi ne jihohi suke sa nasu a kai, ya fi tafiya ga gine-gine da kujeru. A 2012 aka fara buɗe makarantun almajirai na zamani, na farko a Gagi ta Sakkwato, amma da yawa daga cikinsu suka lalace don ba a yi tanadin gudanar da su ba. Kabi tana cikin jihohi 17 da suka shiga shirin BESDA na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2017 a kan dala miliyan 611 don mayar da yara makaranta, tana kuma cikin jihohi bakwai na farko na shirin AGILE na 2020, mai kula da karatun 'yan mata a sakandare. A 2023 jama'ar jihar suka zaɓi Dakta Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa, ya zama gwamna, gwamnatinsa kuma ta ba da sanarwar ɗaukar sababbin malamai da gina manyan makarantu a masarautu huɗu na jihar. Tarihi zai auna wannan da abin da yara suka iya, kamar yadda ya auna na baya.

Akwai kuma matsalolin da suka fi ƙarfin ma'aikatar ilmi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamar Argungu da Augie da Suru, kuma yaro yana da aiki a gona tun daga dashe har korar tsuntsaye da yanka. 'Ya'yan Sarkawa suna bin ruwa, 'ya'yan Fulani suna bin dabbobi, amma kalandar makaranta ɗaya ce da ta Legas. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu watanni, ambaliya kuma ta cinye gonaki da hanyoyi a faɗin jihar. Sace ɗaliban Kwalejin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021, da na 'yan matan makarantar Maga a watan Nuwamba na 2025, ko da yake a kudancin jihar suka faru, sun sanyaya gwiwar iyaye ko'ina game da makarantun kwana.

Matsayin Harshe

Ga mu masu nazarin Hausa, nan ne zancen ya fi shafarmu. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yaɗuwa a yankinsa, sannan a juya zuwa Turanci. A aikace ba a tanadi littattafai ko horo don haka ba. Abin da mai zuwa duba ɗaliban koyon malanta yakan tarar a makarantun karkara shi ne malami ya kwafe darasi da Turanci a allo, ya karanta yara su maimaita, ya ɗan yi bayani da Hausa, a tashi. Na taɓa zama a bayan wani aji huɗu a wani ƙauye na bakin gulbi, yara suna rera abin da ke allo kamar waƙa. Da na rubuta musu gajeriyar jimla da Hausa a kan kifi da koma, waɗanda suka iya haɗa baƙaƙen ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Yaran nan ba su rasa basira ba, ba a dai taɓa koya musu yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da gaɓa ba. Gwajin karatun Hausa da aka yi a Jihohin Sakkwato da Bauci a farkon shekarun 2010 ya tabbatar da irin wannan, inda aka tarar mafi yawan yaran azuzuwan farko ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. Daga nan ne aka tsara littattafan Mu Karanta don waɗannan jihohi biyu.

Gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa, yana danganta faɗuwa jarrabawa da ita. Tarihin Birnin Kabi da Argungu bai goyi bayan wannan hujja ba. Zamanin da aka koyar da Hausa sosai, da littattafai da horarrun malamai, shi ne ya yaye mutanen da Turancinsu ya kai su majalisa, zamanin faɗuwa kuwa shi ne wanda ba a koyar da Hausar ba, ba a kuma koyar da Turancin ba. An bar jaki ana dukan taiki. Ya kamata kuma a tuna cewa a ƙasar Argungu akwai masu jin Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci, su ma Kabawa karin harshensu ya sha bamban da daidaitacciyar Hausa ta littafi, saboda haka malamin aji ɗaya yana bukatar horo a kan yadda zai ɗauko yaro daga harshen gida.

Kammalawa

Wannan waiwaye ya nuna cewa abin da ake kira faɗuwar darajar makarantu a Birnin Kabi da Argungu ya samo asali ne daga faɗaɗawar da aka yi a 1976 ba tare da isassun malamai ba, sannan talaucin shekarun 1980 ya kori na kirki daga cikinsu, dubawa ta mutu, koyar da karatun farko ta rasa gwanaye. Ba mai fatan a koma zamanin da yaro ɗaya ne a gari yake zuwa makaranta. Abin da za a ɗauko daga wancan zamani shi ne darasinsa. Kwalejin Ilmi ta Argungu tana iya mai da horar da malaman aji ɗaya zuwa uku babban aikinta, sassan Hausa na jami'o'inmu su taimaka da littattafan karatu masu zancen gulbi da shinkafa da su, irin abin da yaro ya sani. Ana iya dawo da mai zagayawa wanda zai shiga aji ya zauna, a ba shi abin hawa da ikon rubuta gaskiya. Ana iya sa hakimai da dagatai da malaman allo cikin sha'anin, a kuma daidaita lokutan karatu da na aikin fadama. Sannan kowace ƙaramar hukuma ta riƙa gwada yaran aji uku sau ɗaya a shekara, a ga nawa ne suke iya karanta gajeren labari da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa, a sanar da iyaye sakamakon. Wannan ma'auni ne mai araha, yana da wuyar yi wa maguɗi, kuma yana kama ciwon tun yana ƙarami, shekara tara kafin jarrabawar WAEC ta fallasa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.